Kayan barka daga leda, gwangwani da ƙyallen tela

Ba kowace leda ce ke saƙuwa ba, kuma Gwaggo ba ta bari na taɓa kwarashi ba sai da hannuna ya iya rarrabe su. Baƙar nan mai laushi da ake zuba mana tumatir da tattasai a ciki, in aka ja ta da ƙarfi sai ta miƙe ta tsinke, don haka sai an yanka ta da faɗi ko a haɗa biyu. Ta kanti mai kauri, wadda ke ƙara in an murza ta, tana da ƙarko amma tana cin yatsa. Wadda ta daɗe maƙale a ƙaya tana shan rana kuwa ta riga ta mutu, ko da ido ya ga lafiyarta ƙalau; ana murza ta za ta marmashe. Wadda ta fi daɗin aiki ita ce matsakaiciya, irin mai ratsin shuɗi da fari ko ja da fari da masu sayar da atamfa da takalma ke bayarwa a Babbar Kasuwa.

Buki ne ya kai ni gun Gwaggo a unguwar Bagalam, nan cikin Maradi. Ƙawata ta kusa sauka, kuma kowace macen Maradi ta san nauyin da ke bayan wannan magana. Abin da ta kawo mini ranar sunan ɗana yana rubuce, nawa kuma zai tafi da ƙari, haka muka gada. Kuɗin na riga na tanade su ta hanyar asusunmu na mako, irin tsarin Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a yankin nan a 1991. Sai dai raina yana son in haɗa da abin hannu, wanda ba a shigar da shi littafi ba a kuma jiran ramuwarsa. Da can hular jariri da safa nake saƙawa da zaren ulu. Bayan juyin mulkin Yuli 2023, da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa wa Nijar takunkumi aka rufe iyakar Najeriya, duk kayan da ke shigo mana ta Jibiya da Ɗan Isa suka yi tashin gwauron zabi, ulu ma bai tsira ba. An buɗe iyakar a 2024, amma ni na riga na fara duban abin da ke zube cikin gidana da wani ido.

Gwaggo kuwa ta daɗe a wannan hanya. Faifai take yi tun tana budurwa, da kaba, daga baya ta koma haɗawa da zaren buhun shinkafa saboda launinsa ba ya koɗewa da wuri. Da na gaya mata abin da nake so, jakar kayan jariri da ɗan abin ajiye auduga da hoda, sai ta ce: "Ɗiyata, saƙar ba ta da wuya. Tarawa da wanki su ne aikin. In kin iya jure su, ki dawo."

Tarawar na fara ta daga ɗakin girkina. Kowane gida yana da wannan ledar da ake cusa sauran ledoji a ciki, rataye a ƙusa bayan ƙofa. Na zazzage tawa, na roƙi maƙwabta, na kuma faɗa wa matan asusu ranar zubi, kowace ta riƙa zuwa mini da ɗan ƙunshi. Yaran unguwa da suka ji labari suka fara kwaso mini daga bakin titi suna neman dala biyar ta ruwan sanyi. Na ba su, amma na hana su ci gaba, don ba na son ɗan kowa ya je yana tonon bola da hannu saboda ni, akwai fasassun kwalabe da allurai. Dokokin Gwaggo a nan ba su da sassauci. Ledar da aka zuba nama ko kifi ba ta shiga, don ƙarninta ba ya fita. Wadda ta taɓa kananzir ko fetur ba ta shiga. Wadda ta fito daga wajen likita, ko aka ƙunsa maganin ƙwari irin piya-piya a ciki, ko buhun takin zamani, ko kusa ba a kawo su. Abin da za a sa rigar jariri sabon haihuwa a ciki ake magana.

Wankin ne ya fi cin rai. Kowace leda sai an juya cikinta waje, a kakkaɓe, a jiƙa cikin bokiti da omo, a cuɗa a hankali, a ɗauraye, sannan a sake tsoma ta cikin ruwa mai ɗigon jabel, maganin nan na kashe ƙwayoyin cuta, a ƙara ɗaurayewa. Ruwa kuma da kuɗinsa, shi ya sa nake haɗa aikin da ranar wankin kaya, ruwan ɗauraya na ƙarshe ya zama na jiƙon leda. Shanya a inuwa ake yi, ana maƙale kowace da abin matse shanya, in ba haka ba iska ɗaya za ta mayar da su inda suka fito. In gefe ɗaya ya bushe a juya ɗayan. Ledar da aka naɗe da sauran danshi tana yin wari irin na rumfar da ruwa ya kwana, kuma in an riga an saƙa ta ba yadda za a yi da shi.

Wata maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ga igiya cike da ledoji tana kaɗawa, ta ce: "Maman yara, yau kuma kayan bola kike wa wanka?" Na ce mata ta jira ta gani. Maganar tata ba ta mugunta ba ce, kuma ita ce tunanin mutane da yawa. Abin da aka ba mu kyauta a kasuwa, muka yi amfani da shi na minti goma muka yar, da wuya zuciya ta yarda zai iya komawa abin girmamawa. Shi ya sa na ɗauki tsafta da kyan gamawa da muhimmanci fiye da yadda zan yi da a ce ulu nake saƙawa. Mai ulu in ta yi sakaci za a ce hannunta bai faɗa ba tukuna. Mai leda in ta yi sakaci za a ce ta raina wanda ta ba.

Yankan yana da tsari. Ana shimfiɗa leda a kan tabarma a goge ta da tafin hannu har ta kwanta, a mayar da lungunan gefe yadda suka zo daga masana'anta. A ninka ta a tsaye sau biyu ko uku ta zama siririya. A sa almakashi a cire hannayen sama, a cire ɗinkin ƙasa. Abin da ya rage sai a yayyanka shi a kwance, faɗin yatsu biyu in mai kauri ce, yatsu uku in baƙar nan ce mai laushi. Kowane yanki in an buɗe shi zobe ne. Ana zura zobe ɗaya cikin wani, a dawo da bakinsa ta cikin kansa, a ja a hankali har ƙullin ya zauna. A nan ake gane mai haƙuri. In aka ja da gaggawa ledar ta tsinke, in aka bar ƙullin sako-sako zai riƙa kama kwarashi, in kuma ɓangarorin zoben biyu ba su daidaita ba sai zaren ya yi ciki a gefe ɗaya. Haka ake ta ƙullawa ana naɗewa har a sami dunƙule, kowane launi da nasa. Jaka matsakaiciya tana cin leda hamsin zuwa saba'in, gwargwadon girmansu da tsaurin hannun mai saƙa.

Wannan sashen aikin shi ne wanda gida duka ke iya sa hannu. Da dare bayan isha'i, ni ina yanka, ɗiyata babba tana ƙullawa, ƙanenta yana naɗi. Almakashin dai ba ya barin hannuna.

Kwarashin da ake saƙa hular ulu da shi ya yi ƙanƙanta. Ana bukatar babba, mai kaurin fensir ko ya ɗara kaɗan, kuma na ƙarfe ya fi, don na roba yana lanƙwasa. Gwaggo tana shafa masa ɗan basilin a baki, sai zaren ya riƙa sulɓewa ba gardama. Daga gindi ake farawa: a yi sarƙa mai tsawon taƙi ɗaya da rabi, a bi ta da saƙa har ƙarshe, a zagayo ta ɗaya gefen, ana ƙara ido biyu ko uku a kowace kusurwa don gindin ya kwanta shimfiɗe. In ƙarin ya yi kaɗan gindin zai tattare ya yi kwano, in ya yi yawa zai yi tattara a baki. Idan faɗin ya kai yadda ake so sai a daina ƙari, a ci gaba da zagayawa, bango ya fara tashi da kansa. Wannan lokacin yana da daɗi ƙwarai. Abin da tun ɗazu yake shimfiɗe a cinya sai ga shi ya miƙe tsaye yana neman a zuba masa kaya.

Leda ba ta da sauƙin kai irin na ulu. Ba ta bin hannu, sai an lallaɓa ta, kuma yatsan da ke riƙe zare yana yin ja har ya yi kanta. Na riƙa naɗa masa ɗan ƙyalle. Na kuma lura da tsakar rana, lokacin zafin bazara, zaren yana saki ya riƙa miƙewa, saƙar ta fito wani wuri a matse wani wuri a sake. Da safe bayan an sallami 'yan lakwal, wato yara masu zuwa makaranta, ko bayan la'asar, ya fi daidaituwa. Gwaggo takan karɓi aikin ta ɗaga shi sama ta duba ta hasken ƙofa. In ta ga rami ya fi 'yan'uwansa girma sai ta sa yatsa a wurin ta miƙo mini ba tare da ta ce komai ba, ni kuma in warware zuwa nan.

Zancen launi mun sha muhawara da ita. Ni ina son in zuba duk launin da na tara, ita kuma ta ce launi uku sun isa: baƙi a gindi inda datti ke kamawa, fari da shuɗi a jiki, siririn layin baƙi a baki ya ɗaure su. Na bi tata, kuma da jakar ta tashi na ga dalilinta. Ledar mai ratsi in an yanka ta aka saƙa, ratsin yana wargajewa ya zama ɗige-ɗige, wanda bai sani ba sai ya ɗauka da gangan aka rina zaren haka. Rubutun kantuna ma haka yake narkewa cikin saƙa, ba mai iya karanta shi.

Hannun jaka shi ne inda yawancin irin wannan aiki ke mutuwa. Leda zalla in ta ɗauki nauyi tana ta miƙewa har jakar ta sauko gwiwa. Dubarar ita ce a yanko doguwar tsiri daga buhun shinkafa wankakke, a ninka ta uku, a yi saƙar a kewaye da ita ta ɓuya a ciki, sannan a kafe bakinta can ƙasa cikin bangon jakar da basilla, a bi ta sau da yawa. A sama-sama in aka kafe ta, ranar da aka cika jakar za ta yage.

Daga nan sai wajen tela. Telan unguwarmu yana tara ƙyallaye cikin buhu a ƙarƙashin teburinsa, kuma gab da salla buhun har ya kan yi biyu. Na gaishe shi na ce: "Malam, ƙyallayen nan in ba a yi musu wuri ba ina so." Ya ce: "Hajiya, ɗebi, dama almajirai nake ba su zubar." Na zauna na tsince na auduga, atamfa da guntayen shadda, na bar masu santsi da leshi don ba sa kama ɗinkin hannu. Cikin jakar na yi masa shafi da guntayen atamfa huɗu da aka haɗa, shi ya bi mini su da keke, na biya shi, ni kuma na kafe shafin da allura a bakin jakar. Shafin nan ba ado kaɗai ba ne. Ƙulle-ƙullen leda suna da kaushi, suna iya jan zaren rigar jariri, kuma ƙananan abubuwa kamar fil da ɗan kunne suna zubewa ta ramukan saƙa.

Gwangwanin bai ɗauki lokaci kamar jakar ba. Na Nido na samu, matsakaici, mai murfin roba. Irinsa ya fi na tumatir don bakinsa ba ya yanka. Na tumatir sai an bi bakin da guduma an kwantar da shi, kuma yana saurin tsatsa. Na wanke shi na kife a rana ya bushe sarai. Ƙyalle ba ya kama ƙarfe kai tsaye da irin mannin da muke da shi a gida, don haka na fara naɗe gwangwanin da kwalin sukari, na ɗaure da zare ya zauna daram. Manni kuwa ƙaro ne, wanda malamai ke sa wa tawada. Ana jiƙa shi cikin ruwan ɗumi ya kwana, a tace, ya yi kauri. A shafa wa kwalin siriri, a kwantar da atamfa a bi ta da yatsa daga tsakiya zuwa gefe don kada iska ta maƙale, a lanƙwasa bakin ƙyallen ciki. In ƙaron ya yi yawa yana hudowa ta ƙyalle ya bar tabo mai sheƙi. Murfin na lulluɓe shi da ragowar atamfar da na yi shafin jaka, suka zama 'yan gida ɗaya. Ƙaro ba ya son ruwa, wannan gwangwanin na ɗaki ne, ba na bayan gida wajen wankan jego ba, kuma na faɗa wa ƙawata haka.

Faifan da na haɗa cikin kayan kuwa, Gwaggo ce ta yi shi da hannunta, ta ce gudummawarta ke nan. Ni dai na warware mata zaren buhu ja da kore. Ra'ayina game da irin wannan faifai mai zaren roba shi ne a bar shi ga ƙwaryar fura da kwanon ruwa. Tuwo mai tururi da kunun kanwar mai jego a rufe su da na kaba, kamar yadda iyayenmu suka yi.

Akwai abin da ya sa aikin nan ya wuce zancen tsimi a wurina. Garinmu da jar akuya aka san shi, har cibiyar kiwonta gwamnati ta kafa a nan tun shekarun 1960, fatarta kuma ta yi suna har ƙasashen waje. Akuyar nan ita ce bankin mace: ita ce kuɗin magani, ita ce kayan ɗakin ɗiya. Amma akuya ba ta bambanta ledar da aka ƙunsa ƙosai da ƙosan kansa. Tana haɗiye ta, ledar ta zauna a tumbi ba ta narkewa, wata ta zo ta tarar da ita su cure. Dabba ta riƙa ramewa ciki na kumbura, mai ita tana ta sayen dusa a banza. Duk mahaucin da aka tambaya zai ba da labarin dunƙulen da yake cirowa. Ga magudanan ruwa da ledoji ke toshewa, a garin da ambaliyar Gulbi ta taɓa tayar da shi daga kwari zuwa tudu a 1945, wanda kuma damunar 2024 ta sake nuna masa ƙarfin ruwa. Tun Nuwamba 2014 akwai dokar da ta hana ƙerawa da shigowa da sayar da irin wannan siririyar leda a Nijar, amma kowa ya je kasuwa ranar Litinin ko Juma'a ya san da abin da ake ƙunsa masa kaya. Kwarashina ba zai share Maradi ba, wannan aikin hukuma ne da 'yan kasuwa da dukanmu masu karɓa. Sai dai ledar da ta shiga jakar ƙawata na san ba za ta shiga cikin akuyar kowa ba, kuma tun da na fara wannan aiki da kwandona nake zuwa cefane.

Ranar suna, da yamma lokacin da mata suka cika gida, na miƙa kuɗin buki aka rubuta. Jakar kuma na kai ta ɗaki na ajiye gefen mai jego, gwangwani a ciki cike da auduga, faifai a sama, da sabulu biyu. Uwar mijinta ce ta fara ɗauka. Ta juya ta, ta ja hannun da ƙarfi, ta leƙa ciki ta shafa shafin, ta kai hanci ta shinshina. Sannan ta ce: "Wannan ɗiya, ina kika sayo ta?" Da na gaya mata da abin da aka yi ta, sai ta ƙara jan hannun ta gani, ta ce: "Allah shi yi albarka. Ki yi mini ƙarama ta zuwa masallaci, in riƙa sa tasbaha da takalmi." Ƙawata tana zuwa awon jariri da tata, katin rigakafi a aljihun ciki. In ta yi datti ana cire kaya a goge bayanta da jiƙaƙƙen tsumma, a shanya a inuwa, a kuma nisanta ta da murhu.

Sauran abin da ya rage shi ne tarkacen yanka, wato hannaye da gindin ledoji da guntayen ƙyallen da suka yi ƙanƙanta. Suna da yawa fiye da yadda mutum zai zata. Mata da yawa da irinsu suke hura gawayi, kuma ina roƙon a daina, hayaƙin yana shiga ƙirjin mai girki da na goyon da ke bayanta. Nawa na ƙara yayyanka su ƙanana, na cusa cikin buhun shinkafa da na rage wa tsawo, na danna sosai, na ɗinke bakin da basilla, na yi masa riga da haɗin ƙyallaye mai buɗewa don a iya wanke ta. Ya zama matashin zama na tsakar gida, mai kyau ga wadda ke tsinkar zogale ko kitso. Ba a kwantar da jariri a kansa, ba a kuma yin matashin kai da shi, don leda tana riƙe zafi kuma ba ta barin iska ta wuce. Buhu ɗaya yana cinye tarkacen jaka uku ko huɗu kafin ya cika.